Ƙaron da Ya Haifi Lantarki

Malam ya yayyaga takarda ƙanana-ƙanana, ya zuba a kan ɗan teburin da ke gaban yarinyar. Shekarunsa duk a koyar da kimiyya suka ƙare, kuma da wannan darasin yake kama kan kowane ɗalibi, komai taurinsa. Yau kam ita kaɗai, wadda yake kira Sarkin Musu, ya sa a gaba. Ya riga ya yi alkawari: in ba ta tanka masa ba yau, ya haƙura da ita.

Ya zaro ƙwayar carbin nan mai ruwan zuma, ya shiga goga ta a hannun rigarsa.

"Wannan ba dutse ba ne," in ji shi. "Ƙaron itace ne da ya daskare. Girkawan da suna kiransa elektron. Daga nan Turawa suka samo sunan wutarsu, mu kuma muka lanƙwasa shi ya koma lantarki."

Shiru. Yarinyar da ko gaisuwa sai ta ja da kai! Ran da ta fara ganin abin nan, cewa ta yi tsafi ne, har da neman a caje masa aljihu.

Ya kai ƙwayar kan takardun. Ko motsi. Tafinsa ya jiƙe da gumi, ƙaro kuwa ba ya shiri da laima. Shi da kansa ya sha faɗa wa yara haka. Ya goge hannu, ya sake. Ba ya jin tsoro, ba ya jin baƙin ciki, ba ya jin komai. Bakinsa kawai ke aiki.

"Da fari kalmar ba ta nufin fitila ko waya. Ƙarfin jawo abu kawai take nufi."

Takardun suka yi tsalle, suka manne. Ya ɗaga ƙwayar daidai fuskarta.

"To, musa mana. Ce tsafi ne."

Bai sauke hannu ba sai da kafaɗarsa ta ƙage. Takardun suka saki ɗaya bayan ɗaya, suka faɗo.

Matar da ke tsaye bakin ƙofa tun ɗazu ta matso. Malam ya mayar da ƙwayar aljihu, ya gyaɗa mata kai.

Likitar ta miƙa hannu, ta kashe na'urar da ke yi wa 'yarsa numfashi.