Teburin da Ke Gindin Madubi

Duk wanda ya san aiki ba zai zaɓi wannan shagon kofi ba. Injin niƙa yana kuka kamar an taka masa wutsiya, soket ɗaya ne a duk ɗakin, intanet kuwa sai ta ga dama. Amma nan Auta ta zaɓa don rubuta shirin da za ta kai gasar matasa masu sabbin dabaru, ita da ko ƙarar cokali ke hana ta karatu.

Zakara, ɗan baffanta, bai yi ƙorafi ba. Bara ma shi ya ci gasar, a nan ya samo sunan, da wata dabarar tace ruwa da ya kwashe daga kwamfutarta ranar da ta bari a falo. Ta zo bikin, ta tafa masa, ta ce, “Allah ya sanya alheri, Yaya.” Tun daga nan ta sa wa kwamfutar makulli, ta daina aiki a gida.

Bana wanda ya ci za a ɗauke shi aiki kai tsaye. Kan Zakara kuwa fayau, ko ƙwayar dabara babu. Sai ya bi sawunta.

Abin da ya tarar ya kusa sa shi dariya. Ta zauna ta fuskanci ƙofa, don kada kowa ya leƙo ta baya. Ta manta da ƙaton madubin da ke rataye bayan kujerarta. Daga wani teburi da ke bayan tukunyar fulawa, ana ganin allon kwamfutarta tar a cikin madubin.

Teburin kullum babu kowa, ko da shagon ya cika. Zakara ya ce rabo ne.

Yakan sauke hula ya rufe goshi, ya ɗauki hoton madubin da waya, in ya koma gida ya juya hoton ya kwafe. Haruffanta manya-manya, hasken allo a ƙure. Tana bugawa ba tsayawa, ba gogewa, sai ka ce dama a kanta abin yake. Shirin sanyaya kayan gona ne ba tare da lantarki ba, kuma ya yi kyau har ya ba shi haushi.

Ranar gasa ya roƙi a fara da shi. Wanda ya riga faɗa ai shi ne mai abu.

Bai kai rabi ba shugabar alƙalan ta cire tabarau.

“Ci gaba mana,” in ji ta. “Ko in ƙarasa maka? Ni na rubuta wannan, an buga shi tun kana makarantar sakandare. Har kuskuren da na yi a shafi na biyu ka kwaso.”

Aka kore shi daga gasar har abada. Aka ce za a sake duba ta bara ma.

Ya fito gumi na tsiyaya, amma wani sanyi ya sauka a zuciyarsa. Ashe salihar ma ɓarauniya ce! Ita ce ta gaba a layi, da shiri iri ɗaya. In ya sha ƙasa, tare za su sha. Ya wuce shagon kofin don ya jira ta, ya ga idonta.

Bangon wayam, sai ƙusa.

“Baba, ina madubin nan?” ya tambayi mai shagon.

Tsohon ya ci gaba da goge kofi.

“Ai ƙanwarka ta aiko an ɗauke mata abinta da safe. Ita ta zo da shi ta rataya da hannunta, ta ce in riƙa tsare wa yayanta wancan teburin, wai ba ya gani sosai daga nesa.”