Shirun Simiyu a Hanyar Nakuru

Kofur Chebet ta ɗaga hannu, Simiyu ya taka birki, sai a lokacin ya hango mai kyamara tsaye a bayanta. A hanyar Nakuru ne, ranar Asabar, ko kuwa Juma'a ce. Ana dai cin kasuwar dankali a gefen titi.

Inshorar motarsa ta ƙare tun kafin saukar damina. Matarsa Nekesa, wadda ke zaune kusa da shi da kwandon ayaba a cinya, ta yi ta tuna masa har ta gaji.

Babu gidan da ba a kallon shirin nan na 'yan sanda a talabijin. Sukan dusashe fuskar mai laifi da lambar motarsa, amma muryarsa a bar ta yadda Allah ya yi ta, ga kuma mai sharhi daga ɓoye yana yi masa tsiya. Simiyu ya san muddin aka gane shi a wurin aiki, kujerarsa ta tafi. Sai ya kulle bakinsa.

Kofur ta duba takardar da ke manne a gilashi, ta tambaye shi ko ya san watan da ake ciki. Ya nuna maƙogwaronsa, ya girgiza kai.

"Mama, mijin naki ba ya magana ne?"

Nekesa ta dube shi, ta dubi kyamara, ta gyara ɗaurin kallabinta.

"'Yata, tun da aka ɗaura mana aure nake roƙon Allah ya nuna min wannan rana."

Daga nan ta buɗe baki. Ta ce kuɗin inshorar a zuma da citta suka ƙare. Ta ce kullum a kan tuwo sai ya yi musu huɗuba kan masu karya doka, har abinci ya huce. Masu dankali suka bar buhunansu suka matso. Da ta ce ai ita ce ma ta koya masa tuƙi, magana ta taso wa Simiyu har bakin haƙora, ya haɗiye ta da ƙyar. Ƙarya ce tsagwaronta, wani ƙanin babansa ne ya koya masa, wanda sunansa ya kwanta min yanzu.

Kofur ta share hawayen dariya, ta sunkuyo ta taga.

"Baba, na ga dai kana ji. Ka ce 'na tuba' kawai, in bar ka ka kai Mama gida."

Mai kyamara ya ƙara matsowa. Nekesa ta zungure shi da gwiwar hannu, don ita ma ba ta shirya tafiya a ƙasa da kwandon ayaba ba. Simiyu ya yi gumi har wuyan riga, ya kafa wa sitiyari ido. Ko uffan.

Aka ja motar zuwa caji ofis, suka koma gida a motar haya, Nekesa na ba fasinjoji labari tun daga farko.

Ranar Litinin ya shiga wurin aiki. Aka gaisa kamar kullum, ba wanda ya yi masa wani kallo. Ya wuce ɗan ɗakinsa na ɗaukar murya, aka kunna masa hoton shirin na wannan makon: ga wani mutum a mota, fuska a dusashe, yana nuna maƙogwaro. Simiyu ya jawo makirufo, ya gyara muryar nan da ƙasar duka ta sani.

"Masu kallo, yau kuma ga wani gwani mun samo muku, inshora babu, baki ma babu."