Godiyar Fanke

Ina yaro a Kano, wani Bayahude mai sayen fatu a wurin Baba ya aiko mana da fanke na bikin fitilunsu, Hanuka. Har yau ina jin ƙamshin man nan. Rabinsa a cikina ya ƙare, don tun can aikin da na iya ke nan.

Da la'asar Baba ya sa babbar riga, ya ce in kirawo maƙwabta.

Na ce, "Baba, duk a kan fanke?"

Ya ce, "Kai, acici. Baki ɗaya ai ba ya isar godiya, sai an taya ka."

Muka ɗunguma da dattawan unguwa zuwa gidan Bayahuden, kowa na cewa an gode, har mutumin ya rasa inda zai sa kansa.

Jiya a nan Dubai, maƙwabcina Bayahude ya miƙo mini irin fanken. Na sayi kati, ni da aji uku ya gagara, na zana "Na gode" a karkace. Na leƙa waje ko zan ga mai taya ni. Duk ƙofofi a rufe. Na durƙusa na tura katin ta ƙarƙashin ƙofarsa, ni kaɗai.