Nauyin Hannu

Yau da mahaifinta ya ja alƙalami a kan allon zanen kwamfuta, layin ya fito baƙi wuluk, mai kauri kamar na da.

Shekara arba'in ya yi yana rubuta allunan shaguna da burushi, kafin shanyewar ɓarin jiki ta kwashe masa ƙarfin hannun dama. Allon kuwa nauyin hannu yake bi, sai an danna layi ke yin kauri. Kwana uku tana koya masa, nasa na fitowa kamar zaren gizo-gizo. Jiya da ya kwanta barcin rana, ta lallaɓa ta sassauta saitin allon, yadda ko ɗan taɓi zai ba da kauri.

Ya sunkuya yana hura wa gilashin iska, wai fenti ya bushe.

"Baba, ashe ƙarfi ya dawo!"

"Haka ne? To ungo, ja naki mu gani."

Tana ɗora alƙalamin, rabin allon ya dame da baƙi. Ta kasa ɗaga kai.

Ya karɓi abinsa yana murmushi. "Da kina koyon tafiya, ni ma haka na riƙa matso miki da kujera, in ce kin iso. Bar saitin haka."