Tashi Daga Durƙuso

Ina ɓare ayabar matoke ta dafawa aka faɗa a rediyo cewa hukuma ta amince da maganin ciwon yayana, ciwon gado mai cinye ƙarfin jiki a hankali.

Gwaggo ta rangaɗa guɗa. Yaya bai ko motsa ba a kekensa na guragu. Likita ya daɗe da gaya mana maganin rage wa ciwon gudu yake yi, ba ya dawo da abin da ya tafi.

"Ke mai digiri, kawo mini shayi," in ji Gwaggo.

Na miƙa mata a tsaye.

"Ji ta kamar falwaya! Tun da kika shiga jami'a gwiwarki ta manta ƙasa. A gidan nan mace durƙusawa take yi."

Na gaji da wannan faɗan, sai na durƙusa. Da na zo tashi, na dafa tabarma, na dafa gwiwa, na dafa cinya, na hau jikina da hannuwa kamar mai hawa tsani. Gwaggo tana can tana hura shayinta.

Yaya ne ya gani. Haka shi ma ciwonsa ya fara.

"Auta," ya ce ƙasa-ƙasa, "tun yaushe?"

"Tun bara."

Ya lumshe ido.

"Ni maganin nan a zaune ya same ni. Ke gobe ki tafi asibiti, tun kina zuwa da ƙafarki."