Baƙuwa a Kwalbar Man Shanu

Tun shekarar da baƙin yauƙin nan ya mamaye tankunan gas, mutanen Funtuwa suka daina kiran sunansa. Baƙuwa suke ce masa. Doka ta ce duk gidan da aka ga Baƙuwa a cikinsa sai a killace maigidan, kuma waɗanda aka tafi da su har yau shiru.

Sabitu wankin tankunan tireloli yake yi. Da la'asar ya shigo yana jan ƙafa, ya zube a tabarma. Matarsa Lantana ta ɗauko kwalbar man shanun da take shafa masa a hannu, don sabulun gareji duk ya tsattsaga masa fata.

"Yau ma ta dawo?"

"Tankin da na kankare jiya, yau kamar ban taɓa shi ba. Wallahi na gaji, Lantana."

"To miƙo hannun, angona. Kai da na aura don laushin tafinka."

Ya yi murmushi, idonsa a rufe. Ta buɗe kwalbar. Can a gindinta wani siririn baƙin zare yana motsi a hankali. Kullum a rediyo cewa ake yi Baƙuwa ba ta cin komai sai gas.

"Ya na ji kin yi shiru?"

Ta dubi ƙofa, ta dubi fuskarsa. Sai ta lakato man daga sama, ta kama hannunsa ta riƙe.

"Ƙuda ne ya faɗa ciki," ta ce. "Ba ni ɗayan."