Mutum-mutumin da Bai Iya Amshi Ba

"Shiga ki rera, ba mai jinki sai mutum-mutumin nan," in ji ƙawata mai baje kolin fasaha a Ƙanƙara, ta tura ni rumfar zana. Ta san muryata maƙalewa take ko mutum uku suka taru.

Mutum-mutumin ya lumshe fitilun idanunsa. Na ja baitin waƙar daka, na dakata.

"Madalla!" ya ce.

Na sake. "Madalla!"

"Dalla wa ya ce ka yaba? Amsawa za ka yi! Ana waƙa ba amshi?"

Don haushi na ƙwala baitin da ƙarfi. Sai amshi ya ɓarke a waje: matan ƙauyen 'Yargoje ne da suka zo kallo, har da guɗa.

Na yaye zanar, na ci gaba. A bayana, sakaran yana ta madalla.